Christian Okoye: mai jifan faifai daga Enugu da ya zama gwarzon ƙwallon Amurka

Yawancin 'yan wasan da suka yi suna a ƙwallon ƙafa irin na Amurka sun fara wasan ne tun suna yara, suka yi shi a makarantar sakandare, sannan wata babbar jami'a ta ɗauke su da tallafin karatu. Christian Okoye bai bi wannan hanya ba. An haife shi a Enugu a ranar 16 ga Agusta, 1961, yana ɗan shekara shida birnin ya faɗa cikin yaƙin basasa, kuma bai taɓa buga wannan wasa ba sai da ya kai shekara 23. Bayan shekara biyar da fara wasan, shi ne ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar NFL baki ɗaya, wato babbar gasar ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon Amurka. Na daɗe ina ganin cewa ba a ba wannan tarihi matsayin da ya cancanta ba, domin mutane da yawa da suka san sunansa ba su tuna shi da komai sai da wani karo guda ɗaya da aka yi masa a filin Denver.

Abin da ya kai shi Amurka a 1982 wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ne. Gwani ne a jifan faifai, kuma ɗan tseren nan Innocent Egbunike, wanda ya riga shi zuwa Jami'ar Azusa Pacific da ke kudancin Kalifoniya, shi ne ya yi masa hanya wurin kocin makarantar, Terry Franson. Azusa Pacific ƙaramar jami'a ce ta Kirista, a lokacin tana wasa a ƙarƙashin ƙungiyar NAIA ta ƙananan kwalejoji, wadda ba a cika nuna wasanninta a talabijin ba. A can Okoye ya lashe kambuna na ƙasa a fannin jifa, kuma burinsa ɗaya ne, wato ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984, wadda aka shirya yi a Los Angeles, kusa da inda yake karatu. Jifansa ya kai matakin da ake buƙata, amma jami'an wasanni na Najeriya ba su saka shi cikin tawagar ba. Duk wanda ya san yadda ɗan wasa yake tara shekaru yana jiran gasa guda zai fahimci irin ɓacin ran da ya shiga, kuma daga wannan ɓacin rai ne ya nemi a gwada shi a ƙungiyar ƙwallon jami'ar, duk da cewa a baya wasan bai burge shi ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ya kamata a fayyace aikin da aka ba shi. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili, filin kuma tsawonsa yadi 100 ne tsakanin gidajen ƙungiyoyin biyu. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, idan ta yi nasara a sake ba ta wasu huɗun, har ta kai ƙwallon gidan abokan hamayya ta samu maki shida. Hanya biyu ake bi: ko a jefa ƙwallon gaba wani ya cafke, ko a miƙa wa mai gudu ya rungume shi ya kutsa cikin masu tsaro. Okoye mai gudu ne. Aikinsa ba ya buƙatar ƙwarewar jifa ko haddace dukan dabarun wasan kamar yadda jagoran hari yake yi, amma yana buƙatar ya san inda hanya za ta buɗe a cikin ɗan ƙiftawar ido, ya san yadda ake riƙe ƙwallo kada a fizge, ya kuma san wanda zai tare idan ba shi aka ba ƙwallon ba. Waɗannan abubuwa ne da takwarorinsa suka koya cikin shekara goma, shi kuwa ya koye su yana babba, a ƙarƙashin koci Jim Milhon.

Abin da ya zo da shi daga filin jifa shi ne jiki. Nauyinsa ya kai kimanin kilo 115, tsayinsa mita 1.85, kuma yana gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45, wanda gudu ne da ake sa rai daga mutanen da ba su kusa da nauyinsa ba. Mai jifan faifai yana samun ƙarfinsa ne daga ƙafafu da ƙugu, yana tattara shi ya sake shi lokaci guda, kuma wannan shi ne ainihin abin da mai gudu yake buƙata a daidai lokacin da ya haɗu da mai tsaro. A kakar 1986 ya yi gudun yadi 1,680. Duk da haka, masu neman 'yan wasa na NFL suna da dalilin yin shakka, domin abokan karawar Azusa Pacific ba manyan makarantu ba ne. Shakkar ta ragu a wasan Senior Bowl na farkon 1987, inda ake haɗa fitattun ɗaliban shekarar ƙarshe daga ko'ina a ƙasar, ya kuma kai ƙwallo gida har sau huɗu. A zaɓen sababbin 'yan wasa na wannan shekara, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu, a matsayin mutum na 35, yana gab da cika shekara 26.

Shekarunsa biyu na farko ba su da yawan labari. A 1987, kakar da yajin aikin 'yan wasa ya katse, ya yi yadi 660, a 1988 kuma rauni ya hana shi wasanni da dama, ya tsaya a yadi 473, ƙungiyar ma tana can ƙasan teburi. A cikin waɗannan shekaru ne abokin wasansa Irv Eatman ya laƙaba masa sunan "Nigerian Nightmare", wato mummunan mafarki daga Najeriya, sunan da ya bi shi har yau.

Al'amarin ya sauya a 1989 da zuwan koci Marty Schottenheimer, mutumin da ya yi imani da cewa ana cin wasa ne da tsaro mai ƙarfi da kuma gudu da ƙwallo har abokan hamayya su gaji. A wannan kaka an miƙa wa Okoye ƙwallo sau 370 a wasanni 15, ya yi yadi 1,480, ya kai ƙwallo gida sau 12, ya zama na ɗaya a gudu a gasar, aka kuma zaɓe shi cikin fitattun 'yan wasan shekara. Ƙungiyar da ta ci wasa huɗu kacal a 1988 ta ci takwas. Wanda ya zo na biyu shi ne Barry Sanders na Detroit, sabon shiga a lokacin, da yadi 1,470, kuma sananne ne cewa a wasan ƙarshe na kakar Sanders ya ƙi komawa fili don neman yadi goman da suka rage, saboda ƙungiyarsa ta riga ta kama hanyar nasara. Wasu suna kawo wannan don su rage darajar kambun Okoye, ni kuwa ban yarda da hakan ba. Gaskiya ne Sanders ya fi shi gwaninta, tunda ya yi nasa gudun ne da ɗauka 280 kawai, yana zille wa masu tsaro ba tare da sun taɓa shi sosai ba. Amma aikin da aka ɗora wa Okoye daban ne. Kowa a filin ya san shi za a ba ƙwallon, kowa ya san ta tsakiya zai bi, kuma duk da haka yana samun yadi huɗu a kowace ɗauka idan aka yi lissafin matsakaici, kusan sau 25 a kowane wasa, mako bayan mako.

A nan ne nake ganin ainihin labarin yake, domin ɗauka 370 na nufin karo kusan 370, kuma mai gudu irinsa ba ya faɗuwa sai mutum biyu ko uku sun taru a kansa. Masu tsaro da suka gane ba za su iya kayar da shi daga sama ba sai suka koma kai hari a gwiwoyinsa da ƙafafunsa. Salon da ya ɗaukaka shi shi ne kuma ya cinye jikinsa, kuma ƙungiyar ta san haka tun tana amfani da shi, kamar yadda kowace ƙungiya ta sani game da mai gudunta.

A watan Satumba na 1990, a wasan daren Litinin da ake nunawa a duk faɗin Amurka, mai tsaron Denver Broncos, Steve Atwater, ya taho da gudu ya tare Okoye a tsakiyar layi har ya mayar da shi baya. An yi ta maimaita hoton, kuma har yanzu yana yawo a intanet, inda ake cewa wai daga ranar Okoye bai sake zama kamar da ba. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan magana ba. A 1990 ya yi yadi 805 yana fama da raunin kafaɗa, yana kuma raba aikin da Barry Word, wanda shi ma ya haura yadi 1,000 a wannan kaka. A 1991 ya dawo ya yi yadi 1,031, ya kai ƙwallo gida sau tara, aka sake gayyatarsa wasan Pro Bowl, na fitattun 'yan wasan shekara, karo na biyu, Chiefs kuma ta ci wasanta na farko a zagayen fitar da gwani tun bayan nasararta a Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin gasar, na kakar 1969. Mutumin da karo ɗaya ya karya wa zuciya ba ya yin irin wannan kaka. Karon Atwater ya shahara ne saboda ba a saba ganin an tsayar da Okoye haka ba, kuma Atwater ɗin ma ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, tunda daga baya an saka shi cikin zauren gwarazan wasan.

Abin da ya kawo ƙarshen wasansa gwiwa ce. A 1992 an rage masa aiki, ana shigo da shi galibi idan ana buƙatar yadi ɗaya ko biyu a bakin gida, ya gama da yadi 448, kuma bai sake buga wasan gasa ba bayan wannan kaka. Jimillar abin da ya yi a shekara shida ita ce yadi 4,897 da kai ƙwallo gida sau 40 ta hanyar gudu, wanda a lokacin shi ne mafi yawan yadi a tarihin Chiefs, kafin Priest Holmes ya wuce shi, sannan Larry Johnson da Jamaal Charles. Ƙungiyar ta saka shi cikin zauren gwarazanta a 2000.

Bayan ritaya ya zauna a Kalifoniya, yana tafiyar da gidauniya mai sunansa wadda take shirya wa yara horon wasanni. 'Yan asalin Najeriya sun yawaita a NFL bayansa, irin su Osi Umenyiora da Nnamdi Asomugha, kuma a 2022 gasar ta shirya sansanin neman matasa 'yan wasa a Gana, inda Umenyiora ya taka babbar rawa. Yawancin samarin da ake ɗauka ta wannan hanya suna zuwa ne daga wasu wasanni, da ƙarfi da gudu amma ba tare da sanin dokokin ƙwallon Amurka ba, kuma ƙungiyoyin da suke yarda su kashe kuɗi da lokaci wajen koya musu suna da misalin Okoye a gabansu tun daga 1989.