Kwan mitar mota: ƙaramin abu, amma sai da hannun gwani

Kullum sai an kawo mana mota shago an ce mita ta mutu, da dare ba a ganin allurar gudu balle ta mai. Kafin mu taɓa sukurdireba, fis ɗin ƙananan fitilu muke dubawa, da ɗan makunnin rage hasken mita. In duk fuskar ta yi duhu lokaci guda, da wuya kwan fitila ne. In gefe ɗaya ne ya dushe, to kwai ya ƙone.

A Camry ƙirar 1997 zuwa 2001, da sifana mai lamba 10 za ka cire kan batir na nagatif, ka sauke sitiyari ƙasa. Baƙar robar da ta zagaye mita sukurori biyu ke riƙe ta daga sama, sauran duk maƙalai ne. Nan ake gane wanda ya iya. Ranar Arewa ta riga ta gasa robar nan shekara da shekaru, ka danna mata ƙarfe ta tsage, shi ya sa da abin ɓamɓara na roba muke bin ta a hankali, kusurwa bayan kusurwa. Sai sukurori huɗu na mitar kanta. Ka shimfiɗa tsumma a wuyan sitiyari don kar gilashin ya karce, ka karkato mitar, ka danna harshen kowane soket kafin ka ja. Ba a jan waya. Kuma kar a murɗa makulli soket na cire, wasu motocin nan take za su kunna fitilar jakar iska (airbag).

Kwayayen suna baya, a ɗan murɗa hagu su fito. Manyan su ne T10, na hasken fuska, ƙananan T5 masu wat 1.2 na fitilun gargaɗi. Tunda an buɗe, duk na fuskar muke canzawa, don tsaran juna ne.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu gyaran araha. Su cusa kwai mai wat da ya fi ƙarfin gurbin, zafi ya narkar da mazauninsa, ya ƙona siririn layin tagullar da ke bayan mita. Ko su sa LED na banza mai ƙyaftawa bayan wata biyu. Shi LED ta gefe ɗaya yake kamawa, in bai kama ba juya shi ake yi, kuma a wasu tsofaffin motoci in aka sa shi a fitilar batir, caji na iya tsayawa. Sannan mai mota ya zo yana cewa "Haba oga, ɗan kwai ne fa!" Ai ba kuɗin kwan ake biya ba.

Kafin mu ɗaure, mukan mayar da soket da batir, mu buɗe makulli. Fitilar mai, ta batir, ta inji da ta jakar iska dole duk su kama. Wadda ta ƙi, sau da yawa za ka tarar wani dillali ne ya zare kwanta don ya ɓoye ciwon motar.