Donat ɗin cakuleti na gashi: awo, kwaɓi da wuta

Wanda ya saba da donat ɗin suya, ranar da ya fara ɗanɗana na gashi sai ya ce kek aka ba shi. Bai yi ƙarya ba. Na suya kwaɓin yis ne, ɗan'uwan fanke, a bar shi ya tashi sannan a tsoma a mai. Na gashi kuwa kwaɓin kek ne da ake zubawa a faranti mai ramuka masu siffar zobe. Abin da muke fara gaya wa duk mai koyon aiki a wurinmu ke nan, domin rabin ɓarnar da ake yi daga nan take tasowa: ko a yi ta bugun kwaɓin kamar na fanke, ko a rufe shi a ajiye wai ya kumbura.

Ribar gashi ga lafiya a fili take. In ana suya, ba wanda ya san yawan man da donat ya sha, balle a yi maganar man da aka maimaita suya da shi har ya yi duhu. In gashi ne, man da aka auna shi kaɗai ne a ciki. Sai dai mai da sukari ba daɗi kawai suke kawowa ba, su ne ke riƙe laushi da danshi. Wanda ya zare su haka kawai bai maye gurbinsu da komai ba, gayan burodi mai launin ƙasa zai fitar daga oben. Gwanintar sana'ar ita ce sanin inda za a rage da inda za a tsaya.

Awon da muke aiki da shi na guda 12 ne. Farar fulawa giram 120, garin alkama giram 80, hodar koko giram 40, sukari giram 110, ƙwai biyu, kindirmo ko yogot marar sukari giram 180, man gyaɗa mililita 60, ruwan zafi mililita 60, bekin foda cokalin shayi ɗaya, bekin soda rabin cokalin shayi, gishiri rabin cokalin shayi, sai fanila cokalin shayi ɗaya. In aka raba, kowane donat ya tashi da mai cokalin shayi ɗaya da sukari kusan giram 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a cimarsa ya wuce kimanin giram 50 a rana, ta kuma ce in ya tsaya a 25 ya fi. Da wannan ma'auni za a ga guda ɗaya bai yi ɓarna ba, muddin ba a lafta masa aisin, wato kwaɓin sukarin da ake yi wa kek ado da shi, a kai ba.

A nemi ƙaramin sikeli. Awo da gwangwanin madara ya dace da shinkafa, bai dace da fulawa ba, domin gwangwanin da aka danna da wanda aka zuba sama-sama ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya busar da donat.

Kokon da ake nufi a nan ba na gero da ake sha da ƙosai ba ne, garin 'ya'yan itacen cakuleti ne da ake nomawa a irin su jihar Ondo da Ghana da Kwaddibuwa. Milo da Bournvita ba za su tsaya a madadinsa ba, sukari da madara da malt sun yi yawa a cikinsu, sai donat ya fito fari-fari da zaƙi mai gundura. Hodar kanta iri biyu ce. Akwai ta asali mai ja-ja da ɗan tsami, akwai kuma wadda aka kashe wa tsami, mai duhu sosai, da ake kira 'yar Holan saboda a can aka ƙirƙiro dabarar. Bekin soda ba ya aiki sai ya gamu da tsami. Wannan ne ya sa kindirmo yake cikin awon nan: ko wace hoda aka samu, akwai tsamin da zai tayar da sodar. Wanda ya sa madara zalla a wurin kindirmo, ya kuma yi amfani da hoda 'yar Holan, zai ji donat ɗinsa na ɗanɗanon sabulu, kamar miyar da kanwa ta yi wa yawa. In babu kindirmo, a dama madara mililita 180, a matsa lemon tsami babban cokali ɗaya, a bar ta minti goma ta tsinke.

Lokacin da farashin koko ya haura dala dubu goma kan kowane tan a kasuwar duniya a 2024, hodar ta zama abin da ya fi cin kuɗi a kwaɓin. Akwai mai araha da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba. A murza kaɗan a tafin hannu a sansana kafin a saya. Ta ƙwarai ƙamshinta na bugun hanci, kuma tana ɗan maƙalewa a fata saboda sauran man da ke cikinta. Wadda ba ta da ƙamshi sai launi, ko ninki biyu aka zuba ba za ta ba da ɗanɗano ba. Araha ba ta ado.

Garin alkama shi ke kawo dusa, mai sa a ƙoshi da wuri. Ba ma wuce kashi biyu cikin biyar na garin gaba ɗaya, domin dusar na tsotse ruwa tana kuma hana kwaɓi tashi sosai. Mai kai alkama inji da kanta ta tsince tsakuwa, ta wanke, ta shanya ta bushe ƙarau, sannan ta tabbata ba barkono ko daddawa aka gama niƙawa a injin ba, don cakuleti ba ya ɓoye warinsu. Kada a niƙa da yawa. Ƙwayar alkama tana da mai, a zafin ƙasarmu garin kan yi ɗaci cikin 'yan makonni. A tankaɗe da rariya mai laushi, a cire dusa mai kaushi, a bar mai taushin.

Yanzu kwaɓi. A fara kunna oben a kan digiri 180, wato 350 a irin lissafin Amurka da ake gani a intanet. A shafe ramukan farantin da mai, musamman ɗan turken tsakiya, nan ne donat ke yawan kamawa ya yage. In za a barbaɗa gari a kan man, a barbaɗa koko, fulawa tana barin fari-fari a jikin donat.

A zuba hodar koko a kwano, a kwarara mata ruwan zafin, a dama. Za ta yi kauri kamar tuwo, sai a zuba man a ci gaba da damawa har ta yi sulɓi tana sheƙi. Zafin ne ke fito da ƙamshinta, kuma gudajin da ke addabar mutane duk a nan suke mutuwa. Rabin cokalin shayi na Nescafé a cikin ruwan yana ƙara wa cakuletin ƙarfi ba tare da an ji kofi ba. A bar shi ya huce kada ya dafa ƙwai. Sai a sa sukari, ƙwai, kindirmo da fanila, a kaɗa da maburgi su haɗe. Ƙwai da kindirmon kada su kasance masu sanyin firij. A wani kwanon a tankaɗe fulawa, garin alkama, bekin foda, soda da gishiri tare. A juye su a kan ruwan, a ajiye maburgi a ɗauki ludayi ko cokalin katako, a riƙa ɗagowa daga ƙasa ana kifewa a hankali. Da zarar farin gari ya ɓace, a tsaya, ko da ana ganin ƙananan gudaji. Duk juyi ɗaya bayan wannan danƙon fulawa yake tayarwa, kuma danƙo shi ke sa donat tauri kamar roba, a gutsura a ga dogayen ramuka a ciki.

Kwaɓin da ya yi daidai yana saukowa daga ludayi a hankali, bai tsinke kamar kunu ba, bai kuma tsaya cak ba. Da hunturu garin kwaɓin ya fi bushewa, sai a ƙara kindirmo babban cokali ɗaya ko biyu.

A ɗura kwaɓin a leda mai kauri, a yanke bakin kusurwa ɗaya, a matsa shi a zagaye cikin ramukan. Kashi uku cikin huɗu na ramin ake cikawa, kimanin giram 60. In aka cika fal, kwaɓin ya haye kan turken, ramin tsakiya ya toshe, an koma kek. Wanda ba shi da farantin donat ya ɗauki na ƙananan kek, ya naɗa takardar foyil kamar yatsa, ya shafa mata mai ya tsayar a tsakiyar kowane gurbi.

Wurin wuta ne aka fi faɗuwa. Minti 10 zuwa 12 ya isa a layin tsakiya na oben. Matsalar ita ce kwaɓin tun asali baƙi ne, ido ba ya gane ya gasu, sai a yi ta jira har ya bushe. A minti na goma a danna shi da yatsa. In ya dawo, an gama. In an soka tsinken sakace, an fi son ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima a jikinsa, domin wanda ya fito tas alama ce an makara da minti ɗaya ko biyu. Baƙin faranti ya fi jan zafi, a rage masa digiri goma. Na silikon kuwa, wato mai kama da roba da ke jure zafi, a ɗora shi a kan tire, a ƙara masa minti biyu zuwa uku. Ƙananan oben na gas da yawa lambar da ke jikin makunninsu ba gaskiya take faɗa ba, kuma wutarsu daga ƙasa take, sai gindi ya ƙone sama bai nuna ba. Ma'aunin zafi na ratayawa a ciki yana raba gardama, tire mai gishiri ko yashi a layin ƙasa kuma yana tare kaifin wutar.

Mai gashi a tukunya ta zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa uku, ta rufe ya yi zafi minti 15 zuwa 20, ta ɗora farantin a kan duwatsu uku kada ya taɓa yashin. Yakan ɗauki lokaci fiye da oben. Ɗan garwashi a kan murfi yana taimaka wa saman ya gasu. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe.

In an sauke, a bar shi minti biyar a farantin, sannan a kife a kan raga. Kafin haka yana da rauni zai karye, in kuma ya daɗe a ciki gumi ya manne shi.

Masu saye kan ce a yi musu da dabino ko zuma maimakon sukari. Ana yi. A cire rabin sukarin, a jiƙa dabino giram 90 da aka cire wa ƙwallo a ruwan zafi, a markaɗa ya yi laushi, a haɗa da kayan ruwa. Busasshen dabinon Agadas yana son rabin awa a jiƙe. Donat ɗin kan fi danshi ya fi nauyi. Amma a faɗa wa mai saye gaskiya: kusan kashi biyu cikin uku na nauyin dabino sukari ne, don haka zaƙin bai ragu ba, sai dai an samu ƙarin amfanin dabinon. Zuma ma haka, ga ta da saurin ƙonewa, ba a kuma ba wa jaririn da bai cika shekara ba. Ba ma rubuta wa kayanmu "na masu ciwon sukari", domin fulawar kanta sukari take komawa a jiki. Nunanniyar ayaba ɗaya tana iya maye rabin man, sai dai ƙamshinta na danne cakuletin kuma donat ɗin ba ya kwana biyu.

Abin da ake shafawa a kai shi ke rusa duk ƙoƙarin da aka yi a baya. Aisin na garin sukari yana iya ninka zaƙin donat. Mun fi son baƙin cakuleti giram 100 da mai babban cokali ɗaya, a narkar a kwano bisa tururin ruwan zafi, a tsoma fuskar donat ɗin da ya huce sarai. Giram 100 ya wadaci guda 12. A kiyaye ruwa, ɗigo kaɗan in ya faɗa ciki cakuletin ya dunƙule ya zama tsaki-tsaki. Cakuleti na gaske yana narkewa a wajen digiri 34, ke nan a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi kafin ɗan aike ya isa ya zama kunu a kwali. Akwai na masu kek da ake yi da man ƙwallon kwakwar manja, ya fi jure zafi ya fi araha, amma ba shi za a kira mai lafiya ba. Lokacin bazara gara a shafa zuma siririya da buroshi a barbaɗa soyayyen riɗi, dakakkiyar gyaɗa ko kankararriyar kwakwa da aka gasa. In da gyaɗa a kai a sanar da mai saye, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta.

Ga mai yin oda da yawa, kada a kwaɓa na guda 60 a lokaci ɗaya alhali farantin mai rami shida ne guda biyu. Soda na fara aiki ne tun daga lokacin da ta taɓa kindirmo, kwaɓin da ya zauna rabin awa yana jiran layi a kwance zai fito. Dabarar ita ce a auna busassun kaya tun dare, kowane zubi na 12 a ledarsa, da safe a riƙa kwaɓa ɗaya bayan ɗaya yayin da wanda aka riga aka kwaɓa ke wuta. Wajen sa farashi a lissafa gas, kwali, kuɗin ɗan aike da guda ɗaya ko biyu da kan fashe, ba kayan kwaɓi kaɗai ba.

Donat ɗin gashi ya fi daɗi a ranar da aka yi shi. Ba a sa shi a leda ko kwali da sauran ɗumi, zai yi gumi samansa ya yi yauƙi. A mazubi mai murfi yana kai kwana biyu, da damina kuwa a duba shi tun a rana ta biyu saboda fumfuna. Firij na busar da shi. In wutar lantarki ba ta yawan ɗaukewa, firiza ta fi: a naɗe kowanne daban tun ba a shafa masa komai ba, ranar da ake bukata a fito da shi ya saki a cikin ledarsa, sannan a tsoma a cakuleti.