Yajin aiki a sana'ar da babu albashi

Adaidaita sahu biyar gare ni, da Hiace guda da ke bin hanyar Madarunfa da Ɗan Isa, sai ƴar rumfa a bayan gidana a unguwar Zariya inda muke kwance inji da kanmu in abin bai fi ƙarfinmu ba. Yaran da ke tuƙa su ba albashi nake biyansu ba. Kowa ya fita da asuba, ya sha mai da kuɗinsa, da dare ya kawo mini abin da muka shirya a kai, ragowar tasa ce. Haka yawancin masu abin hawa suke yi a Maraɗi.

Shi ya sa nake jin wani iri idan ana haɗa yajin aikinmu da na malaman lakwal ko na ma'aikatan gwamnati. Ma'aikaci yana da ƙarshen wata da yake jira. Direban adaidaita kuwa, ranar da taya ba ta juya ba, a ranar matarsa za ta je cin bashin gero wurin mai tebur. Duk ranar da ka ga direbobi sun yarda sun aje makulli, to tura ce ta kai bango.

Mai ne kan gaba a abin da ke kai mu can. A da, shekara da shekaru garin nan da man Najeriya yake tafiya, wanda ƴan ruwa-ruwa ke jerawa a kwalabe bakin titi, don ya fi na gidan mai sauƙi nesa ba kusa ba. Da Tinubu ya cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023, kwalba ta tashi. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, iyaka ta rufe. Hiace ɗina, da ke cika da ƴan kasuwa masu tsallakawa Jibiya da Katsina, ta koma tafiya da rabin kujeru. Mun taɓa ɗanɗana irin wannan lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, amma a wancan karon man bai yi wannan tsada ba. Kowa ya koma gidan mai, nauyi ya hau kan matatar SORAZ ta Damagaram. A Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499, muka ji daɗi ƙwarai. Sai ga ƙarancin mai na watan Maris ɗin 2025, yaro ya wuni a layi, ya samu ƴan litoci bayan la'asar, fasinjan safe duk sun wuce.

Bayan mai akwai takardu, permi da asirans da harajin gari, da kuma yawan tsayawa a hanya. Takardunka cikakku ne, amma sai an tsaida kai an juya su gaba da baya, fasinja na ciki yana gumi. Kayan gyara kuwa, kaca da taya da faifan kulos, yawanci daga Kano suke zuwa, kuɗinsu na bin yadda naira da sefa suka kwana. Kuɗin mota shi kaɗai ne ba ya motsi cikin sauƙi. Ka ce wa mutum ya ƙara dala biyar, wato sefa 25, a kan abin da ya saba, sai ya sauka ya tare na bayanka.

Duk da haka, wanda ya fi jin jiki ranar yaji ba shi ne aka yi yajin dominsa ba. Mai motar kansa ko mai babur ɗinsa bai ma san ana yi ba. Matan Jiratawa da ke shigo da zogale da salati da tumatir su ne abin tausayi. Tun jiya aka tsinko kayan, an yayyafa ruwa an ɗaure a buhu, rana na ɗagawa sun fara yaushi, kafin azahar sai dai a zuba wa awaki. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo su bi titi a ƙasa. Mutumin Tibiri ko Gidan Rumji da aka ba ranar ganin likita ya rasa ranarsa, bai san yaushe za a sake ba shi wata ba. Ƴan kabu-kabun da ba su shiga yajin ba kuma kakarsu ta yanke saƙa, inda ake biyan dala 40 su ce ɗari, kuma a hau. Ba na ganin laifinsu sosai, su ma iyali gare su, amma abin da ciwo.

A wani yajin da aka yi, kafin a kira sallar asuba aka buga mini ƙofa. Wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, ko takalmi babu a ƙafarta.

"Alhaji, ka rufa mini asiri. Yarinyar nan tun dare take naƙuda, abin ya ƙi."

Na tashi yaron da ke kwana a rumfa. Ya dube ni ya ce, "Baba, in suka gan ni fa? Taya za su sace mini iska, ko su fasa gilas."

"Tashi mu je, ni zan zauna gaba."

Muka shimfiɗa mata zane a kujerar baya, uwar ta riƙe mata kai. Ba mu yi nisa ba samari suka tare mu da benci da sanduna. Ɗaya ya haska tocila ciki, ya ga halin da ake ciki, sai ya janye bencin da hannunsa ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya, Inna." A dawowa da keken babu kowa wasu daban suka tare mu, su ba su ga mai naƙuda ba, sai da na sauko na yi ta rantsuwa kafin su bar mu.

Da aka zauna taron sandika, wato ƙungiyarmu ta direbobi, na kawo maganar. Na ce a riƙa sanarwa a gidajen rediyo kwana biyu kafin a fara, don mai kayan lambu kar ta tsinko. Na ce a ware ƴan kekuna a ɗaura musu ƙyalle, aikinsu ɗaukar marasa lafiya kawai. Waɗannan biyun ba a ja da ni ba. Da na ce a kauce wa Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa, nan aka yi mini ca. Wani tsohon direba ya ce, "Alhaji, kai kana da abin da za ka ci gobe. Mu kwana ɗaya muke iya ɗauka. In ba ranar kasuwa muka tsaya ba, wa zai san mun tsaya?" Na rasa abin ce masa, kuma har yau maganarsa na tare da ni, ko da yake ban canza ra'ayi a kan matan Jiratawa ba.

Ni dai abin da nake iyawa shi ne, ranar yaji ba na karɓar ko dala daga yarana, kuma ina ba kowa na cefane. Wasu masu kekuna suna rubuta kuɗin ranar a matsayin bashi, yaro ya yi sati yana biya. Mai shagon kayan gyara da nake ɗaukar taya bashi a wurinsa shi kam bai san da yaji ba, ranar Asabar yaronsa zai zo da littafi.