Kafin ka sallami yaron da ke kula da kaji, ɗauko biro da takarda

A harkar kiwon kaji in tsaki suka fara mutuwa magana biyu ce kawai za ka ji, ko a ce yaron nan ba ya kula, ko a ce dila ne ya turo marasa kyau. Shikenan an gama bincike. A sallami yaro, a canza dila, a sake zuba wasu, kafin sati biyu an koma gidan jiya.

Akwai wata dabara da masana'antun Japan suka daɗe suna amfani da ita, wani farfesa na Jami'ar Tokyo mai suna Kaoru Ishikawa ne ya yaɗa ta a shekarun 1960, shi ya sa wasu ke kiran ta da sunansa, wasu kuma su ce zanen ƙashin kifi saboda kamannin da yake yi in an gama. Layi ɗaya za ka ja a kwance, a ƙarshensa ka rubuta matsalar, shi ne kan kifin, sai ka fitar da ƙasusuwa sama da ƙasa, kowanne na wakiltar wani ɓangare da matsala ka iya ɓullowa. Su a masana'anta shida suka fi yi: ma'aikata, injina, yadda ake aikin, kayan da ake sarrafawa, awo, sai yanayin wurin. Ba wahayi ba ne dai, ka canza su yadda suka dace da sana'arka.

Kan kifin nan shi mutane ke ɓatawa. In ka rubuta "gona ba ta tafiya" wallahi sai ku kwana kuna surutu. Da muka zauna da wani ƙanina mai kiwon broila (kajin nama) a bayan gidansa, abin da muka rubuta shi ne: tsaki na mutuwa a satin farko, kuma da asuba ake tsintar yawancinsu. Wannan "da asuba" ɗin kaɗai ya rage mana rabin aiki.

Toh sai muka bi ƙashi ƙashi. Ɓangaren tsakin kansu, daga Ibadan ake ɗauko su, sun sha doguwar tafiya a kwali, shin da suka iso an fara ba su ruwa da gulukos? Ɓangaren rigakafi, magungunan Lasota da Gumboro sanyi suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, to firjin mai shagon magani yana samun wuta kuwa, kuma da wane ruwa ake haɗawa tunda ruwan famfo mai kulorin yana kashe maganin? Muka rubuta duka, amma da yake ba a ma kai ga ba su waɗannan ba ake asarar, sai muka sa musu alamar tambaya muka wuce. Abinci kuma ba mu daɗe a kai ba, buhu ɗaya ne da na maƙwabcinsa kuma nasa lafiya lau.

Da muka zo ƙashin awo sai kowa ya yi tsit, ashe babu ma'aunin zafi ko ɗaya a ɗakin, da hannu ake ji. Alhali tsako a satin farko yana buƙatar zafi wajen digiri 32 zuwa 35, ga shi lokacin hunturu ne. Nan ne yaron, wanda tun da muka zauna kansa ke sunkuye don ya san shi ake shirin ɗora wa laifi, ya ce, "Yaya, ni fa kullum a kusurwa nake samun su sun hau kan juna." Me ya sa suke cunkushewa? Sanyi. Ba ga murhun gawayi ba? Yana mutuwa tsakar dare. Me ya hana ka ƙara? Gawayin da ake auna masa da yamma ba ya kai wa asuba, sauran yana sito, makullin sito kuma yana aljihun ƙanin nawa yana barci.

Wannan bin "me ya sa" har sau biyar daga kamfanin Toyota ya shahara. Wani babban jami'in kamfanin mai suna Taiichi Ohno yana da misalin injin da ya tsaya saboda fis ya ƙone, da aka bi diddigi ashe mai ne ba ya isa inda ya kamata, famfon man ya cinye, ya cinye ne kuma saboda babu matata ɓarɓashin ƙarfe na shiga. Wanda ya canza fis ya tafi, bayan 'yan watanni zai dawo ya sake canzawa.

Ni dai a ganina amfanin zanen bai wuce ya tilasta ka duba inda ba ka son dubawa ba, kuma in oga ne ya riƙe biro yana magana shi kaɗai to ɓata takarda kawai aka yi, dole mai kwana da kajin ya samu bakin magana. Sannan abin da ke kan takarda zargi ne, sai an je an gwada. Ƙanin nawa ya sayo ma'aunin zafi ya rataye daidai tsayin tsakin, ya bar wa yaron buhun gawayi a ƙofa, ya kuma buɗe ɗan wurin shan iska a sama don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki shi ma kisa yake. Mushen da aka samu washegari kuma na ce ya kai wa likitan dabbobi ya buɗe ya duba, don in akwai cuta a ciki ba biro ne zai nuna ta ba.