Talata, ranar karɓo sakamako

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni da Umma da Auta. A Daidaita Sahu ta sauke mu a bakin asibiti, amma kafin mu kai sashen masu ciwon zuciya sai da Auta ta tsaya sau biyu, ta dafa bango tana haki. Shekararta 24, da sikila aka haife ta.

Umma har yau ba ta gama yarda da hawan jinin huhu da aka ce Auta na da shi ba. Duk sanda aka ɗaura wa Auta abin awo a damtse, sai a ce jininta lafiya lau. Yau ma ta sake tambaya: "Likita, to ina hawan jinin yake?" Ya ce, "Hajiya, wannan ba a damtse ake ganinsa ba. Jijiyoyin huhu ne suka matse, ɓangaren dama na zuciya kuma shi ke tura musu jini, sai ya yi ta fama."

Ni dai hankalina na kan takardar gwajin. Sunansa NT-proBNP, na haddace shi kamar karatun allo. Wani sinadari ne da zuciya ke zubawa cikin jini idan aiki ya yi mata yawa har bangonta ya miƙe. Wata uku da suka wuce na Auta ya haura 900. Yau 610. Sai da na karanta sau uku.

Likita bai bar ni na yi murna da yawa ba. Ya ce a ƙa'idar da likitocin Turai suka fitar a 2022, ƙasa da 300 haɗari kaɗan ne, sama da 1,100 kuwa babba ne. Mu muna tsakiya. Ga mai sikila ma, tun daga 160 ake fara sa ido. Sannan ya jawo sakamakon ƙoda, domin ƙoda in ta yi rauni lambar kan hau ko da zuciya ba ta ƙara taɓuwa ba. Tata ƙalau, alhamdulillahi. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya kan takarda ba. Ya juya ya ce, "Ƙanwata, kina iya shanya da kanki? Matashi nawa kike tadawa in za ki kwanta?"

Daga nan aka kai ta baranda gwajin tafiyar minti shida, nas riƙe da agogo, Umma na gefe tana jan carbi. Ta yi mita 380. Ana so a wuce 440, amma wancan karon a minti na huɗu ta zauna.

Na yi ƙarfin hali na tambaya kan sildenafil, wani maganin hawan jinin huhu da na gani a intanet. Ya girgiza kai: a 2009 an dakatar da wani gwajinsa kan masu sikila saboda ciwon ƙashi ya riƙa tasar musu. Na ji kunya kaɗan, na ja bakina na yi shiru. Auta za ta ci gaba da hydroxyurea, maganinta na sikila, a rage gishiri.

A hanyar gida Auta ta ce tsire take so. Umma ta harare ta, ta ce, "Ba ki ji zancen gishiri ba?" Ƙarshe dai lemo da kankana muka saya. Takardar na cikin jakar Umma, ta naɗe ta a leda tare da ta wancan karon. Sai bayan wata uku kuma.