Harafin da ke jikin firam ba shi ne awon keke ba

Sana'ata ita ce sayar da kekunan hawa tsauni, sababbi da na hannu, tare da gyaransu, kuma ina da yara biyu da ke koyon aikin a ƙarƙashina. Masu wucewa suna ɗaukan cewa aikinmu bai wuce sauya sarƙa da ɗaure birki da miƙe wili ba, alhali abin da ya fi cin lokacina shi ne daidaita mutum da firam ɗin da ya dace da jikinsa, musamman idan yana barin keken wata shekara zuwa na wata. Duk abin da ke jikin keke ana iya kwance shi a sauya, ban da firam, kuma idan aka yi kuskure a kansa babu sifana da za ta gyara.

Wani magidanci da ya daɗe yana kawo mini kekensa ƙirar 2013, mai harafin M, wato matsakaicin girma, ya nemi in samo masa sabon fitowa na kamfanin da ya ƙera shi, mai suna iri ɗaya, ƙirar 2022, shi ma M. Na samo masa ba tare da na auna komai ba, domin na amince da harafin kamar yadda shi ma ya amince. Bayan mako biyu ya turo keken zuwa bakin shago ya ce, "Malam, wannan keken ba nawa ba ne. In na zauna sai in ji na takure, in na shiga kwana kuma tayar gaba tana neman zamewa ta bar ni." Na ce masa, "Yallaɓai, ka kawo tsohon gobe, mu jera su mu gani."

Da muka jera su a daɓe, muka daidaita tayoyin baya a layi guda, sai ga tsakiyar wilin gaba na sabon ta zarce ta tsohon da milimita 90, kusan faɗin tafin hannu. Na ɗauko tef da ma'aunin kusurwa da igiya mai ɗan nauyi a baki, yaro ɗaya yana riƙe keke, ɗayan yana rubutu. Awo na farko shi ne wanda nake kira miƙa, wato nisan kwance daga tsakiyar gindin feda zuwa saman bututun wuya, bututun gaban firam da fok ke ratsawa. A tsohon ya ba da 415, a sabon 455. Wuyan da ke riƙe kan keke ya ragu daga 80 zuwa 40. Bututun sirdi, wanda a da yake kan digiri 73, ya miƙe zuwa 77, bututun wuya kuma ya kwanta daga 68 zuwa 65.

Lissafin da ya biyo baya shi ne ya bayyana koken mutumin. A tsayin sirdinsa, milimita 720 daga gindin feda, kowane digiri ɗaya na miƙewar bututun sirdi yana tura sirdin gaba da kimanin milimita 12 da rabi, don haka digiri huɗu sun ci masa milimita 50. Firam ya ƙara tsawo da 40, amma gajeren wuya ya mayar da wannan 40 ɗin baya. Sakamakon haka, idan ya miƙe tsaye a kan feda hannayensa suna nan inda suke a tsohon keke, idan kuwa ya zauna ya rasa milimita 50 tsakanin sirdi da hannu, a kan keken da takarda ta ce ya fi tsawo. Ita kuma tayar gaba ta yi nisa da shi, kuma da yake ya saba zama a baya yadda tsohon keke yake buƙata don kada ya kifa a gangare, bai ɗora mata nauyin da zai sa ta kama ƙasa ba.

Wannan sauyi ba a dare ɗaya ya zo ba. A shekarun 1990 kusan kowane keken tsauni yana da wili inci 26, bututun wuya digiri 71, na sirdi 73, wuya mai tsawon milimita 100 ko fiye, da kan keke wanda bai kai 600 ba a faɗi. Ana sayen keke a lokacin da tsawon bututun sirdi, inci 17 ko 19 ko 21, kamar yadda aka gada daga kekunan titi. Gary Fisher, Ba'amurke mai ƙera kekunan tsauni, ya fara tsawaita gaban firam da gajarta wuya a ƙarshen shekarun, sannan ya kawo wili inci 29 kasuwa a farkon shekarun 2000. Kamfanin Mondraker na Sifaniya ya kai dabarar maƙura wajen 2012 da firam mai tsawo da wuya na milimita 10 kacal, mutane da yawa suka ga kamar an wuce gona da iri, amma cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu, ko da yake sun tsaya a wuya na 35 zuwa 50. Kan keke ya faɗaɗa zuwa 760 ko 800. Daga bisani aka rage yadda fok ke tura gatarin gaba, daga milimita 51 zuwa 44 a kekuna masu wili 29.

Sandar sirdi mai sauka da tashi da maɓalli ita ce, a ganina, ta ƙarasa kashe tsohon awo. Domin a ba ta wurin nutsewa, aka gajarta bututun sirdi sosai, har ya zama mutum ɗaya yana iya hawan girma biyu ko uku na keke guda ba tare da ƙafarsa ta kasa kai feda ba. Shi ya sa kamfanin Specialized ya bar haruffan da aka saba a yawancin kekunansa na tsauni ya koma S1 zuwa S6, yana cewa mahayi ya zaɓa bisa tsawon da yake so. Sauran da suka riƙe haruffa kuwa, M ɗinsu na yau ya kai ko ya zarce L ɗinsu na shekara goma baya.

Akwai tarko a cikin teburin awo da kamfanoni ke bugawa, kuma a nan ne na fi tsananta wa yarana. Miƙa ba ta da ma'ana idan ba a haɗa ta da abokiyarta ba, wadda nake kira tashi, wato nisan tsaye daga gindin feda zuwa saman bututun wuya. Tunda bututun wuya a karkace yake zuwa baya, duk zoben milimita 10 da aka saka a ƙarƙashin wuya don ɗaga hannu yana rage miƙa da kimanin milimita 4 a kusurwar digiri 65. Firam biyu za su iya nuna miƙa 460, amma idan ɗaya ya gaza ɗayan a tashi da milimita 30, da zarar an cika shi da zobba ya koma kusan 446. Haka nan kusurwar sirdi da ake bugawa yawanci ta lissafi ce, an auna ta a wani tsayi da kamfani ya zaɓa, alhali bututun na zahiri yana da lanƙwasa kuma ya fi kwanciya. Dogon mutum da ya zaro sandar sirdi sosai zai tsinci kansa a bayan inda takarda ta ajiye shi. A keke marar shokozoba ta baya, fok kaɗai ke nutsewa idan an hau, don haka gaba ya sunkuya, kusurwa ta ƙara miƙewa, miƙa ta ƙaru, kuma wasu kamfanoni suna buga awonsu da mahayi a kai, wasu ba tare da shi ba. Ga masu sayen na hannu kuma, ina duba ko fok ɗin asali ne, domin wanda ya fi shi tsawo da milimita 20 yana kwantar da wuya da kusan digiri ɗaya, ya ɗaga gindin feda.

Ba na cikin masu cewa sabuwar ƙira yaudara ce. Keke mai tsawo da kwantaccen wuya ya fi nutsuwa a gangare mai duwatsu, miƙaƙƙen sirdi kuma yana hana gaba tashi a hawa mai tsanani, na hau duka biyun kuma na ji bambancin a jikina. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne gajerun mahaya da masu bin ƙananan hanyoyi masu kwana-kwana, waɗanda tsawon ya fi ƙarfin buƙatarsu, da kuma kamfanonin da ke tsawaita gaba a manyan girma su bar bayan firam yadda yake, wajen milimita 435, ga kowa da kowa. Kamfanin Norco da wasu kaɗan suna ƙara tsawon baya gwargwadon girman firam, kuma wannan ne daidai a wurina.

Tun daga ranar da muka jera kekunan magidancin nan na buɗe babban littafi, kowane keke da ya shigo shago ana rubuta shekararsa da awonsa bakwai da muka auna da hannunmu, kuma duk mai neman sabon keke sai ya zo da tsohon, ko da firam ɗin ya tsage. Ina fara tambayarsa abin da ke masa ciwo bayan tafiyar awa biyu, ko wuyan hannu ne, ko gadon baya, ko gwiwa, kafin in buɗe teburin kowane kamfani.

Shi magidancin nan mun ja sirdinsa baya da milimita 15, muka sa masa wuya na 50, muka cire zobe ɗaya don hannu ya ɗan sauka a kan tayar gaba, sannan na bi shi zuwa wani gangare na nuna masa yadda zai tsaya a tsakiyar keken, haɓarsa saitin wuya. Takurar zama ta ragu a ranar, zamewar kwana kuwa ta ɗauke shi kusan wata guda kafin jikinsa ya saba. Da ya tashi saya wa ƙaninsa keke a shekarar da ta biyo, ya zo da shi da tsohon kekensa, muka auna, lissafi ya nuna S ne ya dace da shi, duk da cewa M ya hau tsawon rayuwarsa.