Lamba 4 da ta cinye min wata uku

Har yau in na ga 4 a kan allo sai raina ya sosu.

Aikin digirina na biyu a nan Jidda a kan ƙwayoyin kosmik ne, wato ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu a sararin samaniya, da yadda igiyar karo, wadda ke tasowa idan iska ta bugi iska da gudun da ya fi na sauti, ke ƙara musu ƙarfi idan gungun galaksi (manyan tarin taurari) biyu suka gwabza. Ƙwaya ta tsallaka igiyar, maganaɗisu ya koro ta baya, ta sake tsallakawa, kowane zuwa da ɗan ƙari. Masanin kimiyya Enrico Fermi ya kawo tushen a 1949, aka daidaita lissafin a 1977 da 1978. Wannan na haddace shi kamar karatun allo, haddar ce ma ta kayar da ni.

Littafi ya ce igiya na matse iska ninki 4, ma'aunin raguwar ƙwayoyi ya fito 2; duk sanda ma'aunin nan ya ƙaru, ƙwayoyi masu babban ƙarfi raguwa suke yi. Na kwashi 4 ɗin na zuba a kwamfuta ban waiwaya ba. Wata uku zane na fitowa tsaf, ina ta hura hanci.

Wani dare bayan isha'i muna shan shayi da wani yayanmu ɗan Mai Wurno ta Sudan mai digiri na uku, ya leƙa kwamfutata.

"Ƙanena, lambar Mak nawa ka sa?"

"Yaya, ai igiya igiya ce."

Ya ajiye kofi ya dube ni. Lambar Mak ita ce sau nawa gudun igiya ya ninka gudun sauti. Ashe 4 ɗin na igiya mai tsananin ƙarfi ce, irin ta fashewar tauraro. Iskar cikin gungun galaksi kuwa ta haura digiri miliyan 10, sauti na gudun kusan kilomita 1,000 a sakan ɗaya a cikinta. Ko igiyar ta zo da kilomita 3,000, Mak 3 ce kawai. A nan matsin ninki 3 ne, ma'auni 2.5. A Mak 2 ma'aunin ya kai 3.3. Wato ƙwayoyi masu babban ƙarfi da nake taƙama da su, yawancinsu ni na ƙirƙire su. Igiyoyi masu ƙarfin suna can bakin gungu, inda iska mai sanyi ke faɗowa, ni kuwa tsakiya nake lissafi.

Abin da ya fi ƙona min rai, zafin iskar yana shafin farko na bayanan da Dakta mai duba aikina ya ba ni. Da na faɗa masa, cewa kawai ya yi, "Sake daga farko." Yanzu ɗalibi ya nuna min zane, zafin iska nake fara tambaya. Tsofaffin zanukan suna nan, na kasa goge su.